Amon Bawul a Badun: Yadda Aibi Ya Zama Abin Nema

Unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda iyayenmu fatake suka fi sani da Badun, ba a kan kiɗa aka kafa ta ba, balle kuma kiɗan jita irin na samarin Ingila da Amurka. A kan shanu da goro aka kafa ta, a shekarar 1916, sa'ad da hukumar Turawa da sarautar gari suka ga ya kamata a tattara Hausawan da ke warwatse a gidajen Yarbawa, a yanka musu fili nasu na kansu a gefen Mokola, kusa da filin sukuwa, su zauna ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Duk da haka, wanda ya yi niyyar bin diddigin yadda sauti ya sami ƙarfin lantarki a ƙasar nan, tun daga akwatin rediyo har ya zuwa manyan amfilifayoyin da 'yan kiɗan rok suka riƙa girgiza ɗakunan rawa da su, zai tarar Sabo wuri ne da ya cancanci a tsaya a kasa kunne, domin tana cikin birnin da ke sahun gaba wajen karɓar waɗannan na'urori, alhali mutanenta sun zo daga Arewa da kunne irin nasu, da kuma fiƙihun ciniki wanda ya daɗe da tantance abin da ake ce wa aibi a cikin haja.

Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kuma kai Kano a 1911, daga nan fatauci tsakanin Arewa da kurmi ya ɗauki sabon salo, shanu na gangarowa, waɗansu a ƙasa waɗansu a taragu, goro kuma na hawa a cikin huhu. Da yake ƙudan tsando ba ya barin saniyar Arewa ta yi dogon kwana a kurmi, tilas ne a rabu da ita da wuri, galibi kuma bashi, ga mahautan da bafatake bai san asalinsu ba, bai san ƙofar gidansu ba; abin da ya riƙe wannan mu'amala shekara da shekaru kuwa shi ne maigida mai saukar baƙi, da dillalansa waɗanda suka san wane ne mai biya, wane ne mai taurin bashi, suka kuma ɗauki lamunin abin da aka sayar a gabansu. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna da mutanen unguwar a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a kansu a 1969, ya nuna cewa amana ce jarin Sabo na haƙiƙa.

Sautin unguwa a waɗancan shekaru sananne ne: kiran salla daga maƙogwaron ladan ba tare da taimakon komai ba; amon wazifa da zikirin Juma'a, tun da jama'a suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a 1951 da 1952, har suka ware masallacin Juma'arsu daga na gari; kalangun mahauta; kirarin maroƙa a ƙofar attajirai ranar suna ko ɗaurin aure; da kukan goge can cikin dare a gidajen da malamai ba sa son a ambata. Dukkan waɗannan, iyakarsu iyakar huhun mutum da ƙarfin damtsensa. Ana nan sai ga akwatin rediyo mai waya, wanda hukuma ta fara rabawa a Ikko a 1935, ya iso Badun a 1939, Kano kuwa sai 1944. Akwati ne kawai da lasifika a cikinsa, ana jawo masa waya daga tasha, mai gida ya biya haya ya ji abin da aka ga dama aka aiko masa. Bayan shekara ashirin da isowarsa Badun, ranar 31 ga Oktoba 1959, gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na WNTV a Badun, wanda shi ne na farko a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Kayan aikin waɗannan tashoshi, da manyan rediyoyin da attajirai ke ajiyewa a zaure, da na'urar majigi, duka da bawul suke aiki, shi ya sa garin ya tara masu gyaran rediyo waɗanda suka san ciki da bai na wannan abu tun kafin wani saurayi ya yi tunanin haɗa shi da jita.

Shi bawul ɗin nan ƙwan gilashi ne, ɗan'uwan ƙwan lantarki ta wajen asali, an zuƙe iskar cikinsa, an sa masa zare wanda idan ya yi zafi ƙwayoyin lantarki za su riƙa tsallakawa zuwa ga wani farantin ƙarfe, a tsakaninsu kuma akwai 'yar raga wadda ɗan motsin wuta kaɗan a kanta yake iya sarrafa babban kwarara. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya fito da shi a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa ragar a 1906, da wannan ƙarin ne kuma ya zama mai iya mayar da raɗa ta koma tsawa. A jikin jitar lantarki akwai maganaɗisu naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiya, yana mayar da rawar tsirkiyar ta zama 'yar wuta mai rauni ƙwarai. Ƙananan bawul, irin waɗanda Turawan Ingila ke kira ECC83, su ke fara ɗaga ta, manya kuma, irin su 6L6 da EL34 da EL84, su ba ta ƙarfi, sa'an nan taransifoma ta miƙa ta ga lasifika. Zaren bawul bolt 6.3 kawai yake ci, amma farantinsa yakan ɗauki bolt 300 zuwa 500, wanda ya isa ya kashe ƙato.

Makaɗan juju na Yarbawa su ne suka fara cin moriyar abin a ƙasar nan. Kafin yaƙin duniya na biyu, juju kiɗa ne na mutum uku ko huɗu, mai tsirkiya yana waƙa a hankali, da mai ƙaramin bandiri, da mai girgiza gora, domin da an shigo da babbar ganga sai ta binne muryar mawaƙi da ta tsirkiya gaba ɗaya. Bayan yaƙi, da makirfo da amfilifaya suka fara samuwa, an ruwaito cewa Ayinde Bakare na cikin na farkon da suka sa wa jitarsu lantarki, wajen 1949, a daidai wannan zamani ne kuma gangar nan mai magana, 'yar'uwar kalangunmu, ta sami shiga cikin juju, tun da yanzu tsirkiya ta sami abin da za ta yi gogayya da fata. I. K. Dairo, wanda ya goge a Badun kafin ya kafa ƙungiyarsa a 1957, ya kai wannan kiɗa matsayin da har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar MBE a 1963. A otal-otal ɗin garin kuma 'yan hailaif irin su Eddy Okonta, wanda Orlando Julius ya yi aiki tare da shi yana saurayi, suna busa ƙahonsu har tsakar dare. Abin da waɗannan duka ke nema daga amfilifaya abu ɗaya ne, ta ɗaga murya ba tare da ta sāke mata kama ba, domin kiɗan juju saƙa ce ta jita biyu ko uku ko fiye, kowace da nata zare, kuma Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana a cikinsa, don haka duk abin da zai dagula sauti ya dagula magana.

A ƙasashen Turawa kuwa, al'amarin ya juya ta fuskar da injiniyoyin da suka ƙera na'urar ba su taɓa nufa ba. Bawul yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, amma idan aka matsa masa ya wuce wannan iyaka ba ya yanke sauti farat ɗaya, sai ya danne kansa sannu a hankali, ya haifar da waɗansu 'yan muryoyi a saman ta asali, har jita ta fito da wata shaƙaƙƙiyar murya mai kauri, mai gurnani, wadda takan daɗe tana amo ba ta mutu ba. A littafin injiniya wannan illa ce da ake ƙoƙarin kawarwa. Baƙaƙen fatar Amurka masu kiɗan bulus a mashayun Shikago, waɗanda ƙarancin ƙarfin kayansu ya tilasta musu murɗa su har ƙarshe don a ji su cikin hayaniya, suna cikin waɗanda suka fara gano cewa illar tana da daɗi, 'yan rok kuma suka gaje su.

Gidaje uku ne suka yi fice a wannan sana'a, kuma har yau wanda zai zaɓi amfilifaya don kiɗan rok, a tsakanin mazhabobinsu yake kai da komowa ko ya sani ko bai sani ba. Leo Fender na Kalifoniya, wanda shi kansa mai gyaran rediyo ne kafin ya kafa kamfaninsa a 1946, ya fi karkata ga murya mai tsabta da faɗi, kamar yadda ake ji a Twin Reverb ɗinsa mai wat 85, wadda sai an wahalar da ita ƙwarai kafin ta shaƙe. Vox na Ingila ya fito da AC30 a 1959, mai wat 30 da bawul EL84 guda huɗu, mai ƙara siririya da ke saurin yin gurnani, ita ce ta Shadows da Beatles. Jim Marshall kuwa, makaɗin ganga ne mai shagon kayan kiɗa a Hanwell ta Landan, wanda samari suka dame shi da kukan tsadar kayan Amurka, sai shi da masu aikinsa suka ɗauki Bassman ta Fender, wadda asalinta don jitar bes aka yi ta, suka kwaikwaye ta da kayan da ke hannunsu a 1962. Bambancin kayan ya sa muryar ta fito da kaushi fiye da ta uwar, wannan kaushin kuma shi ne samarin ke nema. Zuwa 1965 Marshall ya kai wat 100, bisa buƙatar Pete Townshend na ƙungiyar The Who, ana ɗora kan amfilifayar a bisa akwatunan lasifika masu baki huɗu-huɗu, tsayinsu ya kai na mutum.

A nan ne mas'alar ta zama abin sha'awa ga ɗalibin fiƙihu. Ba hukuncin kiɗan kansa nake nufi ba, wannan fagen malamai ne, sun kuma yi maganarsu. Babin ciniki nake nufi, inda malaman Malikiyya, a Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, waɗanda kowane zauren karatu na Sabo ya san su, suka tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da haja idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, ma'aunin aibi kuma shi ne abin da ke rage darajar kaya a al'adar masu wannan ciniki. To, amfilifayar da ke shaƙewa idan an ɗaga ta, mai aibi ce ko lafiyayya? Idan kwamitin masallaci ne ya saya don ladan, ko maroƙi don kirari, ko Dairo don juju, lalle mai aibi ce, a mayar wa mai ita. Idan kuwa ɗan rok ne, wannan shaƙewar ita ce abin da ya biya kuɗi dominsa, wadda ba ta yi ita ce zai mayar. Haja ɗaya, hali ɗaya, hukunci biyu, kuma al'ada ce ta raba gardama.

Amma fa ni a ganina, kunnen Bahaushe ya riga na Bature sanin daɗin irin wannan sauti da zamani mai tsawo, sai dai bai neme shi ta hanyar lantarki ba. Mai ganga yakan gitta zare a kan fata da gangan don ta riƙa zuza idan an doka. Mai garaya yakan ɗaura ɗan ƙarfe mai zobba a wuyanta don kowane bugu ya zo da kacau-kacau. Algaita da kakaki ba a yi su don laushin murya ba. Goge kuwa, izgar doki a kan izgar doki, daɗinsa duka a cikin kaushinsa yake. Wanda ya tashi da waɗannan a kunnensa, idan ya ji jitar Jimi Hendrix tana kururuwa ta cikin Marshall, zai iya ƙin ta saboda hayaniya ko saboda tarbiyya, amma ba zai ce bai gane abin da mai kiɗan ke nema ba.

Rok ya shigo Nijeriya ta faifai da majigi da rediyo, 'yan sakandare da 'yan jami'a, ciki har da na Jami'ar Ibadan wadda aka kafa a 1948, su ne masu saurarensa na farko, suna kwaikwayon Shadows da Beatles da kowace irin jita suka samu. Geraldo Pino na Saliyo, da ya zo da ƙungiyarsa a shekarun 1960, tarin kayan sautinsa ne ya fara razana makaɗan Ikko kafin kiɗansa, Fela Kuti kansa bai ɓoye yadda abin ya girgiza shi ba. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sai ƙungiyoyi suka yi ta tsirowa, musamman a Gabas, inda hafsoshin soja suka saya wa waɗansunsu kaya don su riƙa ɗebe wa dakaru kewa. Funkees suka yi suna a Aba, BLO suka haɗu a Ikko a 1972 bayan waɗansunsu sun yi yawo da Ginger Baker, makaɗin gangar Ingila wanda ya ƙetaro Sahara a mota ya buɗe ɗakin ɗaukar faifai a Ikeja, Ofege kuma, 'yan makarantar St. Gregory, suka fitar da faifansu na farko a 1973, shekarar da Paul McCartney ya zo ya yi aiki a ɗakin EMI na Ikko. Wani kaso na gurnanin da ake ji a faya-fayan wannan zamani daga ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa yake fitowa, wanda ke ƙirƙiro shaƙewar tun kafin sauti ya kai ga amfilifaya, dabara ce ta wanda ba shi da halin murɗa wat 100 har ƙarshe.

Ƙalilan ne daga cikin makaɗan nan suka mallaki abin da suke kaɗawa. Christopher Waterman, wanda ya zauna da 'yan juju na Badun wajen 1979 zuwa 1981, ya bayyana yadda mallakar kaya take raba shugaban ƙungiya da yaransa: mai amfilifaya da lasifika shi ne kyaftin, shi ke ɗaukar kaso mafi tsoka na liƙin da aka samu, shi kuma sau da yawa wani attajiri ne ko mai otal ko kamfanin faifai ya saya masa, ya ɗaure shi da sharaɗi. Saboda haka sayen amfilifaya ba ƙaramin sha'ani ba ne, kuma yawanci tsohuwa ake saye, wadda ta ratsa hannuwa da dama. Cinikinta bai rasa kama da na sa a kara ba: ƙibar da ido ya gani ba hujja ba ce, cutar tana ciki, sai an sami wanda ya san ta ya duba haƙori da kofato, ya kuma yarda a dawo masa idan abin ya ɓaci.

Wannan masani shi ne tsohon mai gyaran rediyo, kuma kallon yadda yake duba amfilifaya karatu ne. Ba ya fara kunna ta. Sai ya juya bayanta ya duba ko an saita ta a kan wutar ƙasar nan, wadda ta kai bolt 230 zuwa 240, ko kuwa ta Amurka ce mai 110, domin kaya da yawa sun ƙone a daren farko saboda wannan gafala. Ya tabbatar wayar lasifika na haɗe, kuma nauyinta ya dace, om 4 ne ko 8 ko 16, tun da amfilifaya mai bawul idan aka kaɗa ta ba lasifika taransifomarta ce ke tafiya, ita ce kuwa mafi tsada a cikinta. Sa'an nan ya kai hanci ya shinshina, don ƙaurin taransifomar da ta taɓa ƙonewa ba ya ɓoyuwa. Ya dubi kan kowane bawul: tabon nan mai ƙyalli kamar azurfa alamar lafiya ce, idan ya koma fari fat iska ta shiga, bawul ya mutu. Bayan duk wannan ne zai kunna, saurayi mai saye kuma, da ya ga zaren ya yi ja, sai ya kai hannu ga jita.

"Baba, ai ta kama."

"Dakata, yaro, bari ta yi ɗumi tukuna. Mai ciwo ma yakan yi fara'a da safe."

Sai ya bar ta ta ɗauki zafi, yana kallon farantan manyan bawul ko za su yi jajir, wanda ke nuna wuta ta yi musu yawa; ya ɗauki fensir ya ɗan ƙwanƙwasa ƙananan ɗaya bayan ɗaya, wanda duk ƙwanƙwasar ta fito ta lasifika da ƙara ya san ya kusa; ya sauke murya ƙasa ya saurari gunjin da ke fitowa idan kondansa ta bushe. In ya zama dole ya sa hannu ciki, hannu ɗaya yake sawa, ɗayan yana aljihu, domin kondansa takan riƙe wuta ko bayan an cire waya daga bango.

Maganar ƙarfi kuwa, nan ne samari suka fi ruɗuwa, da su da na yanzu. Kunne ba ya lissafi irin na ɗan kasuwa: sai an ninka wat sau goma kafin ya ji kamar an ninka ƙara sau biyu, don haka mai wat 100 ba ta fi mai wat 30 ƙara da wani abin a zo a gani ba, abin da ta fi ta shi ne daɗewa ba ta shaƙe ba. Ɗan juju, ko ɗan hailaif da ke kaɗawa a fili ƙarƙashin rumfa, wannan yake so. Ɗan rok da ke neman gurnani a ɗan ƙaramin ɗakin otal, mai wat 15 ko 30 ta fi masa, domin zai kai ta iyakarta ba tare da ya kori jama'a ba. Amma girman akwati yana da nasa kwarjini, kuma an sha sayen babba don idon mutane. Ga kuma nauyi, tun da AC30 da Twin Reverb kowace ta kai kimanin kilo 30, ana jigilarsu a bayan a-kori-kura bisa hanyoyin da ba su san darajar gilashi ba, cikin laimar kurmi da ke cinye ƙarfe, ko ƙurar hunturu idan tafiya ta kai Arewa.

Ita Sabo, da lokacin zaɓinta ya zo, ba bawul ta zaɓa ba, haka ma sauran unguwannin Musulmi na ƙasar nan. Tiransisto, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1947, ya cika kasuwa da kayan Japan marasa nauyi, marasa zafi, masu araha, har kamfanin Roland ya fitar da JC-120 a 1975, wadda makaɗa masu son tsabtar murya suka karɓa hannu bibbiyu. Masallatai da majalisun wa'azi da masu tallar magani suka rungumi amfilifayoyi irin na Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, da lasifikarsu mai bakin ƙaho, bisa hujjar da ba ta da raddi: suna aiki da batirin mota mai bolt 12, don haka ko hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta ɗauke wuta, ladan zai kira asuba a ji shi. Bawul kuwa ba ya son wutar da ke hawa da sauka, ba ya kuma shiri da janaretan da ba shi da saiti. Abin dariya a nan shi ne, waɗannan lasifikoki masu bakin ƙaho, da yake ana murɗa su fiye da ƙima, sun fi kowace Marshall shaƙewa, kuma shaƙewar tiransisto mai tsaga kunne ce, ba ta da laushin ta bawul. Jama'a dai sun saba, har ba a lissafa ta cikin aibi.

Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙarasa abin da ya rage, domin kayan kiɗa na waje suka fi ƙarfin ƙananan ƙungiyoyi. Kiɗan fuji, wanda Sikiru Ayinde Barrister ya raya daga waƙoƙin tashin mutane sahur a watan azumi, ya mamaye bukukuwan Musulmin Yarbawa da ganguna da makirfo, bai damu da jita ba. A Kano kuma, da finafinan Hausa suka kankama daga 1990, fiyano mai lantarki ya maye gurbin ƙungiya sukutum. Inda jitar rok ta sami gida na sosai a ƙasashen da ake jin Hausa shi ne Agadas, a hannun Buzaye, inda ake kaɗa ta a bikin aure a fili, da ƙananan amfilifayoyi da janareta, a murɗa su har su yi gurnani. Daga nan Bombino ya fito, daga cikin Buzaye kuma aka sami Mdou Moctar, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008 da salon ɗakunan waƙar finafinan Hausa, suka bazu ta katin wayar hannu, kafin duniya ta san shi a matsayin ɗan rok.

Saurayin Badun da ya ƙudura sayen amfilifaya mai bawul a yau, galibi sai ya dangana da kasuwar Alaba ta Ikko ya tona cikin kayan gwanjo, ko ya yi odarta daga waje, wanda hakan kan biyo da shi ta Sabo wurin 'yan canji, sana'ar da unguwar ta yi suna da ita a wannan zamani. Bawul ɗin kansa ƙasashe ƙalilan ne suka rage suna ƙera shi da yawa, Rasha da Sulobakiya da Sin, shi ya sa da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya duka. Manyan kuma ba a sayen su ɗai-ɗai, sai biyu ko huɗu waɗanda aka auna aka ga ƙarfinsu ya zo daidai, a kuma saita musu wuta bayan an sa su. Wanda zai yi wannan saitin shi ne ya fi bawul ɗin wuyar samu, domin tsofaffin masu gyaran rediyo sun ƙaranta, yaran da suka gaji teburansu kuwa gyaran wayar hannu suka koya, inda wutar da suke taɓawa ba ta wuce 'yan bolt kaɗan ba.